Darasin Kimiyya: Abin da Ruwan Zafi Yake Ɗaukowa Kafin Ya Iso Kofin Gahawa

Ɗalibai, yau teburina ya koma kamar na mai shayi, kuma da gangan na yi. Ga mazurari biyu masu siffa ɗaya, ɗaya na roba, ɗaya na tangaran. Ga tulun gilashi mai sandar dannawa a murfinsa. Ga 'yar butar alminiyam mai kusurwa takwas. Ga wani abu mai kama da ƙatuwar sirinji. Can gefe kuma ga 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Aikinsu duka ɗaya ne, wato haɗa gahawa da hannu ba tare da lantarki ba, amma kowanne da hanyar da yake bi, kuma kowanne da abin da aka ƙera shi da shi.

Tambayar darasinmu kashi biyu ce. Idan ruwan zafi ya ratsa garin gahawa, me yake ɗauka daga garin? Me kuma yake ɗauka daga jikin mazubin da aka haɗa ta a ciki? Da ta farko za mu fara, domin dokar da ta sa ruwa yake tatso gahawa ita ce dai dokar da ta sa yake taɓa roba.

Kashi na ɗaya: ruwan zafi ba ya wucewa hannu rabbana

Gahawa ƙwallon ɗan itace ne da aka busar, aka soya, aka niƙa. Kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin garin ne kaɗai ruwa zai iya narkarwa. Sauran ƙwarangwal ne irin na itace, shi ne tukar da ake zubarwa. Ko wannan kashi 30 ɗin ma ba duka ake so ba. Masu nazarin gahawa sun daɗe da lura cewa ɗanɗano ya fi daidaita idan ruwa ya tatso tsakanin kashi 18 zuwa 22. Idan bai kai ba, gahawar takan fito salam da tsami-tsami, domin sinadaran tsami su ne suke riga narkewa. Idan ya wuce, sai ɗaci da bauri su biyo baya. Ma'aunin da aka saba da shi giram 60 na gari ne ga lita ɗaya ta ruwa, wato giram 15 ga kofi mai cin mililita 250. Abin da yake cikin kofin a ƙarshe, fiye da kashi 98 cikin 100 ruwa ne zalla.

Abubuwa huɗu ne suke juya wannan tatsa, ku rubuta su. Na farko zafi: ruwa mai digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyos ya fi ruwan sanyi saurin narkarwa nesa ba kusa ba, saboda ƙwayoyinsa suna kai-komo da ƙarfi. Na biyu lokaci. Na uku faɗin fuskar da ruwa yake taɓawa: dunƙulen kanwa yakan daɗe a ruwa, amma idan an daka shi nan da nan ya narke. Na huɗu motsi ko matsi, shi ya sa ake juya shayi da cokali. Kada ku goge su daga littafinku, domin su huɗun nan za su dawo mana idan mun iso kan roba.

Hanyoyin haɗa ruwa da gari kuwa biyu ne, kuma duk kun taɓa ganinsu a gida. Akwai jiƙo, yadda ake jiƙa tsamiya ko zoɓo: a zuba ruwa a bar shi ya tsimu, daga baya a tace. Akwai kuma tsiyaya, yadda iyayenmu mata suke fitar da ruwan toka: a cika ƙwarya ko tukunya mai huji da toka, a zuba ruwa ta sama, ya riƙa ɗiga ta ƙasa. A jiƙo, ruwan yana ƙara ƙoshi da abin da ya narkar, saboda haka tatsar tana rage gudu da kanta. Ko ka ƙara minti ɗaya ba ka yi ɓarna mai yawa ba. A tsiyaya kuwa sabon ruwa ne mayunwaci yake ta isowa, yana tatsa da ƙarfi har ƙarshe. Ya fi fitar da amfani, amma ba ya yafe kuskure. Idan garin bai kwanta daidai ba, ruwa zai nemi lallausan wuri ya yi hanya, kamar yadda yake cin kwazazzabo a gona, ya wanke wani gefe fiye da kima, ya bar wani gefen kusan a bushe.

Kashi na biyu: kayan da ke kan tebur

Tukunyar ƙasar nan ita ce jabana, ta mutanen Habasha da Eritiriya da Sudan. Hausawan Sudan sun san ta sarai, da citta ake haɗa musu. A cikinta ake tafasa gari da ruwa tare, a sauke, a bari gari ya kwanta, a tsiyaye. 'Yar'uwarta ta Turkiyya 'yar tukunya ce mai dogon mariƙi, galibi ta jan ƙarfe, ana niƙa mata gari lukui kamar fulawa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa gahawar Turkiyya cikin jerin al'adun duniya da ake taskancewa. Wani zai ce, to Malam, ai tafasa ya wuce digiri 96 ɗin da ka faɗa. A bakin teku haka ne. Amma duk hawan mita 300, zafin da ruwa yake tafasa a kai yana sauka da kusan digiri ɗaya. Addis Ababa tana sama da mita 2,300, ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 92. Tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda ake noman gahawa a Nijeriya, shi ma ruwansa ba ya kai 100.

Tulun gilashin nan shi ake kira madannin Faransa, ko da yake wanda ya yi rajistar siffarsa ta zamani a 1929 ɗan Italiya ne, Attilio Calimani. Jiƙo ne tsantsa: gari mai tsaki-tsaki, ruwan zafi, minti huɗu, sannan a danna rariyar ƙarfe ta tura tuka ƙasa. Rariyar ba ta tare mai da ƙananan ɓarɓashi, shi ya sa gahawarsa take da kauri a baki. Ku riƙe maganar man nan.

Matatar takarda kuwa wata matar aure ce ta ƙirƙiro ta, Melitta Bentz, a birnin Dresden na Jamus a 1908. Tuka a kofi ce ta ishe ta. Ta huda gindin wata 'yar tukunyar tagulla, ta shimfiɗa takardar shanye tawada da ta ciro daga littafin makarantar ɗanta, ta zuba gari da ruwa. Kamfanin da ta kafa yana nan har yau da sunanta. A 1941 wani masanin sinadarai Bajamushe da ke zaune a Amurka, Peter Schlumbohm, ya haɗa mazurari da tulun ɗakin gwaji a gilashi guda, ya ɗaura masa ɗamarar katako da igiyar fata, ya kira shi Chemex. Takardarsa ta fi sauran kauri, gahawarsa garau take fita. Mazuraran nan biyu kuwa V60 ne na kamfanin Hario na Japan, wanda ya faro da ƙera gilashin ɗakin gwaji a Tokyo a 1921. Sunan daga siffar ya fito: harafin V mai kusurwar digiri 60. Ku shafa cikinsa, za ku ji zara-zaran tudu sun murɗa zuwa ƙasa. Aikinsu su ɗage takarda daga bango domin ruwa ya samu mafita. Ana yin sa da roba, da tangaran, da gilashi, da ƙarfe, kuma wannan ya sa ya fi kowanne dacewa da gwajinmu, tunda siffa ɗaya ce, jiki ne ya bambanta.

Butar mai kusurwa takwas Moka ce, ta Alfonso Bialetti, Italiya, 1933. Ɗaki uku gare ta: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, wurin tara gahawa a sama. Idan ta hau wuta, iska da tururin da suka maƙale a ɗakin ƙasa suna kumbura, su danne ruwa, su tura shi sama ta cikin gari. Matsin bai wuce ninki ɗaya zuwa biyu na matsin iskar da muke ciki ba, injin esfireso na kanti kuwa yana kai ninki tara. 'Yar kusar da ke gefenta mafitar tururi ce idan hanya ta toshe. Kada ruwa ya taɓa rufe ta.

Autansu shi ne mai kama da sirinji, AeroPress, wanda wani injiniya Ba'amurke mai koyarwa a Jami'ar Stanford, Alan Adler, ya fito da shi a 2005. Ya haɗa hanyoyin biyu: a jiƙa na minti ɗaya ko biyu, sannan a danna fistin, iska ta tura ruwa ta cikin 'yar takarda. Adler da kansa ruwa mai digiri 80 yake ba da shawara. Ba ya fashewa, ba nauyi, matafiya suna son sa. Jikinsa kuwa roba ne tun daga sama har ƙasa.

Kashi na uku: inda roba ta fi tangaran

Da yawanku da na tambaya wanne ya fi, tangaran kuka nuna, don ya fi nauyi da kyau da tsada. Bari mu yi lissafi.

Kowane abu yana da adadin kuzarin da yake sha kafin giram ɗaya nasa ya ƙara digiri ɗaya. Na ruwa jul 4.2 ne, na tangaran kusan 0.9, na irin robar nan kusan 1.9. Mu ƙaddara mazurarin tangaran giram 400 ne, na roba giram 100, ruwanmu kuma giram 250. Ruwan yana rasa jul 1,050 duk lokacin da ya sauka da digiri ɗaya. A ce tangaran ya tashi daga digiri 25 zuwa 60 yayin da ake zuba masa ruwa: 400 sau 0.9 sau 35, jul 12,600 ke nan. Ku raba da 1,050. Digiri 12 ya ƙwace wa ruwan. Na roba: 100 sau 1.9 sau 35, jul 6,650, wato digiri 6 da ɗan ɗoriya. A zahiri ma bai kai haka ba, domin roba ba ta bari zafi ya ratsa ta da sauri. Fatar cikinta kaɗai take ɗumama, shi ya sa ake yin mariƙin tukunya da ita.

Saboda haka ruwan da ya baro buta da digiri 94 zai iya samun gari yana ƙasa da 85 idan tangaran ɗin sanyi ƙalau yake, balle da safiyar hunturu. Sakamakon shi ne gahawa mai tsami. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru da yawa suke zaɓar mafi arha daga cikin mazuraran. Maganin tangaran mai sauƙi ne: a ɗauraye shi da tafasasshen ruwa sosai kafin a zuba gari, takardar ma ta wanku daga warinta. Amma ku lura, ta fuskar riƙe zafi roba ce ta ci. Ƙorafin da ake yi da ita daga wani wuri yake.

Kashi na huɗu: mece ce roba, kuma me take saki?

Roba doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari iri ɗaya da aka ƙulla dubbai a jere, kamar carbi. Sunan "roba" da muke yi musu duka yana ɓoye mana cewa iri-iri ne. Ku juya gindin kowane mazubi, za ku ga lamba cikin alama mai kusurwa uku. Tsarin ya faro ne a Amurka a 1988. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwan sha da lemo, tana fara laushi tun wajen digiri 70, ba a yi ta don ruwan zafi ba. Lamba 2 da 4 dangin foli'etilin ne, na jarka da leda. Lamba 5 folifurofilin ce, ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 160, ita ce aka fi yin kayan abinci mai zafi da ita. Lamba 6 ita ce ta farin kwanon tafi-da-gidanka mai kama da soso. Lamba 7 kuwa kwandon tarkace ne, duk wadda ba ta shiga shidan farko ba nan ake jefa ta, har da folikabonet, mai ƙarfi mai haske kamar gilashi.

Abu biyu ake tsoro, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na ɗaya shi ne sinadari ya narke ya shiga abin sha. Na biyu shi ne jikin robar ya ɓarɓashe.

Mu fara da narkewa. Ƙwayar carbin folikabonet ita ce bisfenol A, wadda ake taƙaitawa BPA. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Dianin, ya fara haɗa ta a 1891. A shekarun 1930 wani likita a Ingila, Edward Charles Dodds, ya gano tana kwaikwayon istirojin, sinadarin da yake tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace. Daga shekarun 1950 aka shiga ƙera folikabonet da ita, har da kwalaben shayar da jarirai. Ruwan zafi yana iya tsinka mahaɗin sarƙar, ya saki BPA kaɗan-kaɗan, kuma sakin yana ƙaruwa idan robar ta tsufa. Kanada ta hana irin waɗannan kwalabe a 2010, Tarayyar Turai a 2011, Amurka a 2012. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta rage adadin da ta ce jiki zai iya ɗauka kullum ba tare da illa ba har ninki 20,000, daga maikirogiram 4 zuwa nanogiram 0.2 ga kowane kilo na nauyin mutum. Ƙarshen 2024 Tarayyar ta zartar da hana BPA a kayan da suke taɓa abinci. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa ba ta tafi can ba, tana kan cewa abin da ake samu a abinci bai kai na cutarwa ba. Kun ga manyan hukumomi biyu sun kalli hujja kusan ɗaya sun rabu.

Tarihin AeroPress ya bi wannan sawu. Da folikabonet aka fara yin sa. A 2009 aka koma wata roba marar BPA, a 2014 aka koma folifurofilin, daga baya kuma aka fito da na gilashi da ƙarfe mai tsada. Wanda yake da na shekarun farko, da na canza shi in ni ne. Sai dai tambarin "babu BPA" ba ya nufin babu komai. Wasu masana'antu da 'yar'uwarta BPS suka maye gurbinta, gwaje-gwaje kuma sun nuna ita ma tana da irin wannan hali. Ban da haka, kowace roba akan zuba mata ƙarin sinadarai na launi da santsi da hana tsufa, waɗanda ba a ƙulle suke da sarƙar ba, a tsakaninta kawai suke zaune. Gahawa tana da ɗan tsami, ma'auninta na asid wajen 5, tana kuma da mai, shi kuwa mai ya fi ruwa iya janyo irin waɗannan sinadarai. Amfanin folifurofilin shi ne ba da wani bisfenol ake ƙulla ta ba tun asali.

Sai ɓarɓashi. A 2004 Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ya yayata sunan da ake kiran gutsattsarin roba ƙanana, sunan da yanzu yake nufin duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba. Mu kira su ɓurɓushin roba, waɗanda suka fi su ƙanƙanta kuma, da ko madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya gani, mu ce ƙurar roba. A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka tsoma jakar shayi ta roba a ruwa mai digiri 95, suka ce guda ɗaya ta saki ɓurɓushi biliyan 11.6 da ƙura biliyan 3.1. A 2020 wasu a Kwalejin Trinity da ke Dublin suka gwada kwalaben jarirai na folifurofilin, irin robar da ke hannuna. A digiri 25 sun ƙirga ƙasa da miliyan ɗaya a lita. A digiri 70, har miliyan 16. A digiri 95, miliyan 55. Girgizawa kuma tana ƙara yawansu.

Ku duba littafinku. Zafi, lokaci, faɗin fuska, motsi. Su ne dai. Jakar shayi zare ne siriri-siriri mai faɗin fuska mai yawa, a nutse cikin ruwa. Kwalbar jariri girgiza ta ake yi. Robar da ta karce ko ta yi fari-fari ta tsattsage, fuskarta ta ninka, kamar kanwar da aka daka.

Ɗalibin kimiyya ba ya tsayawa a babbar lamba, yakan tambayi yadda aka ƙirga. Wasu masana a Jamus sun ƙalubalanci waɗannan sakamako, suka ce da yawa daga abin da aka ƙirga ba gutsuren roba ba ne, narkakkun sinadarai ne da suka daskare lokacin da aka busar da ruwan gwajin. Biliyan ɗin ƙura kuma, idan aka ɗora a sikeli, bai kai ƙwayar gishiri ba. Game da lafiya, binciken da ya fi tayar da hankali shi ne na wasu likitocin Italiya a 2024. Sun duba kitsen da aka kankaro daga jijiyar wuyan marasa lafiya 257, suka samu roba a fiye da rabinsu, kuma cikin kusan shekara uku waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa da kusan ninki huɗu da rabi. Wannan ya nuna abu biyu suna tafiya tare. Bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, kuma masu binciken da kansu sun faɗi haka. Hujja ce da ta isa a yi hattara, ba ta isa a yi firgita ba.

Kashi na biyar: gudun gara

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Mutum ya ji labarin roba, ya jefar da AeroPress, ya sayi madannin Faransa na gilashi da ƙarfe, hankalinsa ya kwanta. Me ya canza a kofinsa?

Kun tuna man da na ce ku riƙe? A cikinsa akwai sinadarai biyu, kafestol da kawiyol. A 1983 wani babban bincike a garin Tromso na Norway, inda aka saba shan dafaffiyar gahawa marar tacewa, ya nuna masu yawan shan ta sun fi yawan kolestarol a jini. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Wageningen ta Holan suka ware sinadarin, suka ba masu sa-kai, suka auna jininsu, suka tabbatar kafestol ne. Kofi biyar na madannin Faransa kullum na tsawon wata guda yana ɗaga kolestarol da kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Takardar Melitta Bentz kuwa tana tare kusan duka man. Jabana da tukunyar Turkiyya da madannin Faransa suna sakin sa, Moka tana tsaka-tsaki, Chemex da V60 da AeroPress mai takarda suna riƙe shi.

Ku auna hujjojin biyu. Ta kafestol an gwada ta kai tsaye a jikin mutane, an san sinadarin, an san adadin. Ta ɓurɓushin roba har yanzu ana gardama a kan yadda za a ƙirga shi. Mai yawan kolestarol da ya bar mazurarin roba mai takarda ya koma rariyar ƙarfe, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Ga shi kuma yawancin madannan Faransa akwai roba a murfinsu ko a jikin fistin, Moka ma zoben da yake toshe tsakaninta na roba ne ko silikon.

Sauran kayan ma kowanne da nasa. Gilashi mai jure zafi, irin na Chemex, kusan ba ya sakin komai, kumburinsa a zafi kuma kashi ɗaya cikin uku ne na gilashin taga, shi ya sa ba ya tsagewa da ruwan zafi. Aibinsa faɗuwa ɗaya ce. Ƙarfe marar tsatsa, wanda muke kira silba, yana da kuromiyam wajen kashi 18 cikin 100, shi yake yi masa wata siririyar riga da take hana shi ci. Alminiyam ma yana da irin wannan riga, amma tsami yana cin ta a hankali, saboda haka ba a barin gahawa ta kwana a Moka, ba a kuma dirje cikinta da soson ƙarfe. Jan ƙarfe dole a shafe cikinsa da kuza, idan shafen ya goge sai an sabunta. Tangaran mai kyau lafiya lau ne, amma akwai mai arha mai ƙyalli da akan haɗa shafensa da dalma, tsami kuwa yana fito da ita. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Idan kun tambaye ni abin da zan saya, mazurarin gilashi ko na silba ko tangaran mai inganci, da takarda, in ɗauraye shi da ruwan zafi. Ya kauce wa roba, ya tare mai. Amma wanda yake da V60 na roba ko sabon AeroPress, ban ce ya zubar ba. Ruwa minti biyu ko uku yake yi a ciki, a V60 ma takarda tana tsakani a mafi yawan wurin. Ya wanke da soso mai laushi, kada ya bar shi a rana, kada ya tafasa shi a tukunya, ranar da ya ga ya karce ko ya dushe ya canza.

Ni abin da ya fi damuna ba ya kan teburin nan. Kofin takarda na tafi-da-gidanka, cikinsa shafe yake da siririyar leda, in ba haka ba da ya jiƙe. Masu bincike a Kharagpur ta Indiya sun ƙirga ɓurɓushi wajen 25,000 a mililita 100 na ruwan zafi bayan minti 15. Da safen nan kuma na ga wasunku a bakin ƙofar makaranta da koko mai tururi ƙulle a farar leda. Alalar da ake sayarwa a tasha, a cikin leda ake dafa ta, da mai, kusan awa guda a tafasasshen ruwa, ledar da take fara narkewa a ɗan sama da digiri 100. Ku jera ta a kan abubuwa huɗun nan ku gani. Kakanninmu a ganye ko gwangwani suke yin ta.

Aikin gida

Ku rabu gida huɗu. Kowane rukuni zai karɓi mazurarin roba ɗaya, na tangaran ɗaya, takardu, da ma'aunin zafi. Ku tafasa ruwa, ku auna shi a buta, ku zuba mililita 250 ta cikin kowane mazurari ba tare da gari ba, ku auna abin da ya taru a kofi. Ku maimaita bayan kun ɗumama tangaran ɗin da ruwan zafi. Kofin da za ku tara ruwan ya zama iri ɗaya kowane karo, in ba haka ba kun ɓata gwajin. Wanda ya gane dalili ya rubuta shi a ƙasan sakamakonsa. Sannan kowa ya juya gindin mazuban roba biyar a gidansu, ya rubuto lambar kowanne da abin da ake zubawa a ciki, mai zafi ne ko mai sanyi, mai mai ne ko marar mai. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, ku kawo mini shi ranar Litinin in iyayenku sun yarda.